Sabuwar Kyamara Da Wasannin Yaran Karkara: Abin Da Mai Koyo Zai Fara Sani

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kano zuwa Ɗambatta, ko wadda ta nufi Bichi da Tsanyawa, ko kuwa ya ratsa ƙasar Minjibir da Gezawa a tsakiyar damina, da wuya ya hangi wani fili wanda ba shuka a cikinsa. Gona tana manne da gona, gero da dawa da wake da gyaɗa sun rufe ƙasa tun daga bakin titi har gindin dangar gidaje. Wannan kuwa ba yau aka fara ba. Tun cikin shekarar 1965 wani masanin labarin ƙasa mai suna Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya kuma a Jami'ar Bayero ta Kano, shi da wani abokin aikinsa suka fitar da rahoton bincike a kan wannan yanki, inda aka bayyana yadda manoman kewayen Kano suke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, suna ciyar da ita da taki, saboda yawan jama'a da ƙarancin ƙasa.

Abin da wannan ke nufi ga yaran waɗannan ƙauyuka shi ne, in ban da ɗan filin makaranta da dandali, yawancin filayen wasansu na aro ne. Sai an girbe, an kwashe kara, sa'an nan gona ke komawa fagen ƙwallo da langa da kokawa. A kafa sanduna biyu a matsayin raga, a baje kunyoyi da ƙafa, a yi ta fafatawa tun daga kaka har bazara. Da ruwan shuka ya sauka kuwa, mai gona ya zo da garmarsa, ko alamar wurin ba za ta ragu ba. Yaron da ya kayar da sa'o'insa a bara ya girma ya tafi birani, wanda ya fi kowa gudu ya shiga sakandare, ba abin da zai nuna an taɓa yin wani wasa a wurin sai labarin baka.

Hotunan sarakuna da na hawan salla da na manyan 'yan ƙwallo a filin wasa na Sani Abacha suna da yawa, amma na yaran karkara a fagen wasansu ƙalilan ne. A halin yanzu kuwa kyamarar zamani, wadda ake kira ta dijital, tana isa hannun malaman makaranta da ma'aikatan yaɗa labarai na ƙananan hukumomi da ɗaliban koyon aikin jarida. Sai dai sau da yawa murnar sabuwar kyamara takan ƙare ne a ranar farko, sa'ad da mai ita ya dawo daga gasar wasannin makaranta ya tarar da hotuna ɗari, bishiyoyi da 'yan kallo sun fito tangaran, yaran da aka je dominsu kuwa sun yi dishi-dishi. Daga nan waɗansu sukan ce kyamarar ce ba ta da kyau, a mayar da ita kwali a kulle. Alhali kuwa amfanin abin ado ɗaurawa, kuma abin da ake bukata koyo ne, ba wata sabuwar kyamara ba.

DAGA FIM ZUWA DIJITAL

Waɗanda suka yi zamani da kyamarar fim sun san wahalar koyo a wancan lokaci. Ƙullin fim guda yakan ɗauki hoto 24 ko 36 ne kurum, kuma mai ɗauka ba zai san abin da ya samu ba sai ya kai birni an wanke, bayan kwana da kwanaki, lokacin da wasan ya riga ya wuce. Cikin shekarar 1975 ne wani injiniya na kamfanin Kodak a Amurka, Steven Sasson, ya harhaɗa kyamarar dijital ta farko. Nauyinta ya haura kilo uku da rabi, kuma tana ɗaukar sakan 23 kafin ta adana hoto guda, baƙi da fari, a kan kaset. Daga wannan ɗan ƙaramin mafari aka yi ta gyara, har cikin 1999 kamfanin Nikon na Japan ya fito da kyamarar D1, wadda ta taimaka ƙwarai wajen raba 'yan jarida da fim.

Babbar garaɓasar da mai koyo ya samu a yau ita ce, kuskure ba ya cin kuɗi. Zai ɗauka, ya duba a allon da ke bayan kyamara nan take, ya gyara, ya sāke. Bugu da ƙari, kowane hoto yana ɗauke da bayanin yadda aka saita kyamara lokacin da aka ɗauke shi, da rana da sa'a. Watau ke nan kyamarar da kanta malama ce ga wanda ya yarda ya zauna ya kwatanta hoton da ya yi kyau da wanda ya lalace.

SAURIN ƘIFTAWA

Darasi na farko, wanda ya fi kowane muhimmanci ga hoton wasanni, shi ne saurin ƙiftawa. A cikin kyamara akwai wani marufi wanda yake buɗewa ya rufe kamar fatar ido, kuma duk abin da ya motsa a tsakanin buɗewar da rufewar zai fito a jirkice. Lissafin mai sauƙi ne. Yaron da ke gudun mita 100 cikin sakan 20 yana cin mita biyar a kowane sakan. Idan marufin ya zauna a buɗe na 1/60 na sakan, yaron ya matsa da kimanin santimita takwas kafin ya rufe, saboda haka fuskarsa ta goge. Idan kuwa aka sa 1/1000, abin da zai matsa bai wuce rabin santimita ba, sai a gan shi tsaye cak a iska, har yashin da ƙafarsa ta watsa ana iya gani.

Wannan dabara ta girmi kyamarar dijital da nisa. Cikin 1878, a garin Palo Alto na jihar Kalifoniya, Eadweard Muybridge ya jera kyamarori 12 a gefen hanyar sukuwa ya ɗauki doki yana gudu, ya tabbatar wa duniya cewa akwai lokacin da kofatan doki huɗu duka suke barin ƙasa, abin da idon ɗan Adam ya kasa tantancewa. Abin da ya ci shekaru da dukiya mai yawa, yau yana ƙarƙashin ɗan yatsan malamin firamare.

Idan aka bar kyamara a kan alamar nan mai launin kore, inda take zaɓar kome da kanta, ba ta san ko tsere ake yi ko ɗaurin aure ba, kuma da haske ya ragu sai ta rage saurin ƙiftawa. Don haka wajibi ne mai koyo ya juya ƙaramin faifan da ke saman kyamara zuwa harafin S, ko Tv idan ta kamfanin Canon ce, ya zaɓi saurin da kansa. Ga tsere da ƙwallo, 1/1000 ya dace. Ga kokawa da langa da wasannin ƙananan yara, 1/500 yakan wadatar.

To, amma kowane sauri yana da farashi. Duk sa'ad da aka ninka saurin, hasken da ke shiga yakan ragu da rabi, kuma tilas a biya wannan giɓi ta ɗayan hanyoyi biyu. Ta farko ita ce faɗaɗa kafar da haske ke bi a cikin gilashin kyamara, wadda ake aunawa da harafin f. Ƙaramar lamba ita ce babbar kafa, watau f/5.6 tana shigar da ninkin hasken f/8. Ta biyu ita ce ƙara lambar ISO, wadda ke ƙara wa hoton haske, ko da yake idan ta yi yawa hoton yakan yi yashi-yashi. Da rana tsaka a ƙasar Kano, ISO 100 ko 200 tare da f/5.6 sun isa a sami 1/1000. Da la'asar sakaliya sai a hau zuwa 400 ko 800, gab da magariba kuwa 1600 ko 3200. Masu wannan sana'a sun yi ittifaƙi a kan cewa gara hoto mai yashi-yashi wanda aka gane fuskar yaro, da mai santsi wanda yaron ya zama inuwa.

Darasi na biyu shi ne saitin gani. Kyamara tana da saiti iri biyu: wanda ke kama abu sau ɗaya ya tsaya, da wanda ke bin abu duk inda ya nufa muddin yatsa yana kan madanni rabin dannawa. Na biyun shi ne na wasanni, ana rubuta shi AF-C a kyamarorin Nikon da Sony, a na Canon kuwa akwai kalmar Servo a sunansa. Rashin sanin wannan shi ne dalilin da ya sa kukar da ke bayan fili take fitowa sarai, mai tsaron raga kuwa ya ɓace. Sa'an nan a kunna ɗauka a jere, yadda dannawa guda za ta ba da hotuna da dama, amma a riƙa yi kaɗan-kaɗan, uku ko huɗu, don kada katin ajiya ya cika tun ba a je ko'ina ba.

Malamin da ba shi da kome sai wayar hannu shi ma bai fita daga wannan darasi ba, domin wayoyi da yawa suna da sashen da ake zaɓar saurin ƙiftawa da ISO. Inda waya ta gaza shi ne jawo nesa, saboda haka mai waya sai ya matsa kusa da ƙafarsa.

HASKE DA HAZO

Littattafan da ke zuwa cikin kwalin kyamara ba a rubuta su da ranar Kano a zuci ba. Da azahar rana tana bisa kai, inuwar goshi takan rufe idanun yaro, ƙasa kuma tana walƙiya. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara yana ɗaukar cewa duk abin da ke gabansa matsakaici ne, tsakanin fari da baƙi. Idan ya ga farin yashi da fararen riguna da sararin sama mai hazo, sai ya rage haske, fuskokin yara su koma duhu. Maganin wannan wani ɗan madanni ne mai alamar + da -. A ƙara zuwa +1, a duba fuska a allo, domin fuskar ita ce abin nema, ko da farar riga za ta ɗan yi fau.

Lokacin da ya fi kyau shi ne hantsi da kuma bayan la'asar, mai ɗauka ya ba rana baya yadda haskenta zai sauka a fuskokin 'yan wasa. Amma ya tuna cewa a wannan yanki duhu ba ya jira. A watan Disamba rana takan faɗi wajen ƙarfe shida, kuma kafin rabin sa'a gari ya rufe. Wanda ke jiran wasan ƙarshe da ba da kofi, ya kamata ya roƙi masu shiri tun da wuri kada a ja lokaci.

Hazon hunturu, wanda iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, yana da amfani da illa. Yana tausasa hasken rana har fuskoki su fito ba inuwa mai kaifi, amma duk abin da ke nesa yakan koɗe. A irin wannan rana jawo hoto daga ƙarshen fili ɓata lokaci ne. Sai a jira wasa ya matso. Wasan farin wata kuwa, wanda shi ne asalin lokacin langa a ƙauyuka da yawa, ya fi ƙarfin ƙaramar kyamara, kuma walƙiyar da ke kanta ba ta kaiwa nesa, ga ta da kashe wa yara ido. Hanyar da ta fi ita ce a shirya da manyan unguwa a yi wasan da sauran rana.

SANIN WASA

Duk saitin da aka ambata ana iya haddace shi cikin mako guda. Abin da ke ɗaukar lokaci shi ne sanin inda abu zai faru kafin ya faru, domin wanda ya jira sai ya ga ƙwallo a raga sa'an nan ya danna, ya makara. A nan ɗan ƙauyen da ya taso yana yin waɗannan wasanni ya fi baƙon da ya zo da kyamara mai tsada.

A langa, inda kowane ɗan wasa ke riƙe ƙafa ɗaya ta baya yana tsalle da ɗayar, idon mai hoto yana kan wanda aka naɗa ruwa, domin shi abokan hamayya ke neman kashewa, shi kuma 'yan ɓangarensa ke karewa har ya kai wurin sha. Wanda ya tsuguna kusa da wurin sha zai sami fuskokinsu suna tahowa gare shi. A kokawa, lokacin da ake nema shi ne sa'ad da ƙafar ɗaya ta bar ƙasa, kuma mai lura yakan gane zuwansa daga yadda aka sāke kamu. A tsere, a tsaya bayan layin ƙarewa, can gefe kaɗan don kada a tare hanya. A tseren miƙa sanda, wurin miƙawar ne. A ƙwallo, zama kusa da kusurwa ta bayan raga ya fi bin wasa da gudu sama da ƙasa.

Akwai kuma wata ƙa'ida ta musamman ga yara: a durƙusa. Babban da ya ɗauki yaro daga tsaye yakan sami tsakiyar kai da ƙasa, amma wanda ya sauko daidai tsayin idonsa zai ga ƙoƙari da tsoro da murna a fuskar. A duba bayan hoton kuma; inuwar gawo ko ɗorawa, ko jerin rumbuna, ko 'yan kallo, sun fi farin sararin sama kyau, kuma su ne za su gaya wa na baya inda aka yi wasan.

Bai kamata a yi koyo a ranar gasa ba. Masu keke da babura a ranar kasuwa, da awaki masu dawowa daga kiwo, da jakuna masu kai taki gona, duk sun isa abin gwaji. Wanda ya iya tsayar da ɗan akuya yana tsalle, yaro mai tsallen tsawo ba zai gagare shi ba.

ƘURA DA ZAFI DA WUTA

Ƙura ita ce babbar abokiyar gābar kyamara a wannan yanki. Kada a kuskura a cire gilashi a sāke wani a tsakiyar fili, domin ƙurar da ta shiga takan zauna a kan faifan da ke karɓar haske, ta riƙa fitowa ɗigo-ɗigo a kowane hoto. Idan sākewa ta zama dole, a shiga aji ko mota, a kifa bakin kyamara ƙasa. Kada a goge gilashi da bakin riga, gama ƙurar tana da kaifi. A fara hure ta da ɗan famfon roba, sa'an nan a shafa da ƙyalle mai laushi. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan kai digiri 40, barin kyamara a rana ko cikin rufaffiyar mota yana lalata batir. Tun da yake wutar lantarki ba ta da tabbas a karkara, batir biyu cike da caji sun zama tilas, kuma yawan leƙa allo bayan kowane hoto yana cinye caji, yana kuma sa a rasa abin da ke faruwa a fili.

AMANAR YARA

Yaro amana ne, hotonsa ma haka. Kafin a ɗaga kyamara, a sallama wa shugaban makaranta da mai unguwa ko dagaci, a bayyana wa iyaye inda hotunan za su tafi. Wannan ladabi ne, kuma yanzu doka ce, domin Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta shar'anta neman yardar iyaye ko waliyyi kafin a yi amfani da bayanan yaro, kuma a cikin wannan shekara ce Jihar Kano ta kafa dokarta ta kare yara. Uban da ya ce ba ya so, a bi maganarsa ba gardama. Inda 'yan mata ke tsere ko gaɗa ko 'yar gala-gala, ya fi dacewa a koya wa malama mace ta riƙe kyamara. Da haka iyaye za su natsu, wasannin 'yan mata kuma ba za su ɓace daga tarihi ba.

Haka nan ba kowane hoto ne ake nunawa ba. Yaron da wandonsa ya yage, ko wanda ke kuka don an kayar da shi, abin dariyar yini guda ne a ƙauye, amma idan hoton ya hau Facebook ko WhatsApp zai bi shi har girmansa, ba kuwa mai iya dawo da shi. Kada a haɗa fuskar yaro da cikakken sunansa da unguwarsu a intanet, kuma a kashe saitin da ke liƙa wa hoto bayanin wurin da aka ɗauke shi. Sa'an nan kada a tsaya ga zakaru kaɗai. Wanda ya zo na ƙarshe amma ya ƙi tsayawa, shi ma uwarsa tana son ganinsa.

AJIYA

Aiki bai ƙare da tashi daga fili ba. Tun ranar da aka buɗe kwali a saita kwanan wata da sa'a daidai. Bayan kowane wasa a kwashe hotuna zuwa kwamfuta, a ajiye su a wuri biyu, domin katin ajiya yana lalacewa ba sallama. A zaɓi goma ko ashirin mafi kyau, a rubuta a littafin makaranta sunan gari da irin wasan da ranar da aka yi da waɗanda ke ciki. A wanke waɗansu a takarda, a manna a bangon ofishin shugaban makaranta, a ba yaran nasu. Hoton da ya tsaya a cikin waya yakan mutu tare da wayar.

Wannan ajiya tana da amfani fiye da tunawa. Langa da kokawa da dambe suna cikin wasannin gargajiya da ake karawa a Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda aka fara a Legas cikin 1973, kuma a Kano ake gasar Kofin Ramat ta matasa don tunawa da marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed. Malamin da ke son a duba yaronsa daga Makoɗa ko Dawakin Tofa, idan ya zo da hotunan shekara biyu ko uku masu kwanan wata, maganarsa ta fi nauyi, gama gani ya kori ji. Makarantar da ke neman a katange mata fili kafin gonaki da gine-gine su cinye shi, ita ma hoton ɗaruruwan yara a kansa hujja ce a gaban hukuma.

Saboda haka ya kamata sassan ilmi da na yaɗa labarai na ƙananan hukumomi, idan sun sayi kyamara, su haɗa da horon wanda zai riƙe ta, ko da na kwana uku ne, su kuma bar ta ta riƙa fita ranakun wasannin makarantu, ba sai ranar zuwan manyan baƙi ba. Ɗaliban manyan makarantun yankin, irin su Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Bichi da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Ɗambatta, su ma suna iya ɗaukar wannan a matsayin hidima ga garuruwansu lokacin hutu. Filayen aro suna nan daga kaka zuwa bazara kurum, kuma yaran bana ba su ne na baɗi ba. Wanda yake da kyamara a kwali, lokacin fito da ita ya yi.